Babban Farantin Sarƙa

Ni katifa nake sayarwa, da filo, da soson kujera. Mutum ya shigo shagona, ya danna katifa da tafin hannu, ya zauna a bakinta ya ɗan girgiza, mu daidaita, ya tafi gida ya kwanta lafiya. A kayan shagona kaf babu mai kaifi, babu mai zafi, babu mai gudu. To ka ga mutumin da ya saba da irin wannan zama, a ce autansa ne ya tashi da son tseren babur.

Autan nawa mai walda ne. Ya wuce ashirin da 'yan kai, har ya ajiye gemu, amma a gida Auta muke ce masa, shi ma bai taɓa cewa a daina ba. Wata rana da yamma ya shigo layinmu da gawar wani babur a bayan a-kori-kura. A bayan wani gidan burodi ya tsinto ta, inda kaji suka mai da ƙasan kujerar wurin ƙwai. Tsohon babur ne mai silinda biyu, irin wanda aka daina ƙerawa tun kafin na yi aure. Tanki ya ci tsatsa, tayoyi sun tsattsage, salansa ɗaya ta ɓace, ɗayar an ɗaure ta da waya.

Dariya na yi. Har da ni aka kama aka sauke shi. Na ce a raina, gara wannan da yawon banza, ai abin da ya mutu ba ya ka da mutum.

Ban lissafa da kawunsa ba. Ƙanen matata ne, bakaniken babura, garejinsa na layin da ke bayan shagona. Tun yana ɗan makaranta, lokacin da nake zuwa zance wurin yayarsa, muke tsokanar juna, har yau kuma ba mu ajiye ba. Shi da Auta suka kwance babur ɗin nan ƙwaya-ƙwaya, suka jiƙa wannan a kananzir, suka goge wancan, suka bi kasuwar tsofaffin ƙarafa suna neman fistin da ringi. Suka raɗa masa suna Tsohuwa. Watanni suka wuce, ni har na manta da zancen.

Ran nan ina tsaye a kan wani mai saye da ya miƙe a katifa yana gwadawa, sai na ji wata ƙara daga bayan bango: dum-dum, dum-dum, dum-dum, kamar mata biyu na lugude a turmi ɗaya. Mutumin ya tashi zaune ya ce, "Wannan wane irin inji ne?"

Na ce, "Ban sani ba." Amma na riga na gane Tsohuwa ce ta tashi.

Ba a yi nisa ba Auta ya kawo maganar. Muna cin abinci, ya ajiye cokali, ya gyara zama irin na mai neman wani abu.

"Baba, akwai tseren da ake yi na tsofaffin babura zalla. A fili ne na musamman, ba a titi ba. Ina so in shiga da Tsohuwa."

Na ce, "Ka shiga ka yi kallo?"

"In hau."

Na dubi mamansu, ta dubi kwanonta. Daga nan na gane an riga an gama da ita.

"Maman yara, kin ji abin da ɗanki ke faɗi?"

"Na ji, Maigida. Da hular kwano ake yi, da rigar fata, ga motar asibiti a tsaye. Ni dai na fi jin tsoron hanyar da yake bi zuwa aiki kullum."

Auta ya ce, "Baba, an kusa rufe karɓar sunaye. Amma wallahi in ba ka ce to ba, ba zan je ba. Sai in sayar da ita in huta."

Da ya yi mini taurin kai da ya fi mini sauƙi. Sai in yi faɗa, ya tafi, in zauna in ce ba ruwana. Amma yaron ya ɗauki abin gaba ɗaya ya aza mini a ka. In na ce a'a, na karya masa zuciya a kan abin da ya zuba wa guminsa. In na ce to, ya je ya karye, bakina ne ya kai shi. Na ce masa zan yi tunani. Kwanakin da suka biyo baya, mai katifu cike da shago ya kasa samun wadda za ta karɓi bayansa.

Daga ƙarshe na ce bari in je in ga abin da idona. Na ja ƙofar shago da hantsi, na zagaya garejin.

Tsohuwa na tsaye a kan benci, an tuɓe ta tsirara. Babu fitila, babu madubi, babu kujerar baya, ko jakin da take tsayawa a kai an cire. Kawun yara na tsugune a gefenta da sukundireba a hannu, ya karkata kai yana saurare kamar mai jin gulma ta bango.

"A'a, Yaya da kansa! Yau katifa ta yi ƙafa. Auta, share wa mai masaukin barci kujera."

"Kai dai ba ka da aiki sai lalata 'ya'yan mutane. Me ya sa kuka cire mata fitila?"

"Da rana ake tseren. Duk abin da ba ya turawa kuma ba ya tsayarwa, nauyi ne."

"Madubin fa?"

"Wanda ke bayanka matsalarsa ce, Yaya."

Na zauna a kan wata tsohuwar taya. Ya shiga yi mini bayani, ni kuma ina kama na kamawa. Wai kowace silinda da kafiretarta, kuma dole su buɗe baki lokaci guda, in ɗaya ta riga ɗaya sai injin ya riƙa ɗingishi. Abin da yake saurare ke nan. Wai sun haɗa salansa biyun sun koma bututu ɗaya don hayaƙi ya fita da sauri. Wai nocin baƙin mai sai an huda shi an ɗaure da waya, don kada ya kwance a tsakiyar tsere ya zuba wa na baya santsi. Kowace magana ya yi, sai in ji ta ƙare da wani ya faɗi.

Na ce, "Birkin fa?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "Na asali ne. Yana kamawa in ka roƙe shi."

"Tayoyin?"

"Da sauransu."

Ina waige-waige sai na ga wasu faranta na ƙarfe masu haƙora an rataye a ƙusa, ƙarami, matsakaici, da wani babba kamar murfin tukunya. Na tambaya. Auta ya ce farantin baya ne, wanda sarƙa ke hawa ta juya taya.

"Me ya sa suka bambanta?"

Auta ya sauko da ƙaramin yana shafa shi. Idonsa har ƙyalli yake. "Wannan zan sa, Baba. Da shi, in ta samu miƙaƙƙiyar hanya, sai ta ƙure maleji."

"Ƙure maleji," na maimaita. "Babban fa?"

Ya taɓe baki. "Wannan ai na masu dakon kaya ne. Da shi ko ka murɗa totur har ya tsinke, allurar maleji ba za ta je ko'ina ba. Injin ya yi ta ihu, gudu ya ƙare."

Na juya ga kawunsa. "Gaskiya ne? Babban yana rage gudu?"

"Yana ragewa, Yaya. Sosai ma. Amma kuma..."

"Babu amma."

"Ka tsaya in..."

Na ɗaga masa hannu. Shekarun da na yi a kasuwa sun koya mini cewa duk abin da ya biyo bayan amma, mai saye ne ke neman kwantar da kai. Na miƙe tsaye, na gyara hula.

"Ku saurara. Na yarda ya je. Amma da sharaɗi. A sa sabon birki, wanda ba sai an roƙe shi ba. A sa sababbin tayoyi. Su shokozoba ɗin nan da ke zubar da mai, a canja. Duk wannan ni zan ɗauka. Sannan wancan babban farantin, shi za a ɗaura. In ba haka ba, na janye."

Auta ya yi kamar zai yi kuka. "Haba Baba! Ai gara in hau keke. Dariya za a yi mini."

"A yi maka dariya kana tsaye da ƙafarka."

"Kawu, ka yi magana mana!"

Kawun ya sunkuyar da kai cikin injin, kafaɗunsa na rawa. Da ya ɗago, fuskarsa a ɗaure. "Ni wa? Uba ya yi magana. Ɗauko sifana."

Na koma shago ina jin kaina kamar wanda ya sayar da kayan shekara a yini guda. Dabarata ba ta da wuya: yaro zai je, kowa ya wuce shi, ya zo na ƙarshe lafiya lau, kunya ta ishe shi, ya dawo ya kama waldarsa. Ban hana shi ba, ban kuma ba da shi ba.

Da aka gama ɗaurawa, Auta ya fita da ita wata doguwar hanya da ba kowa, ya dawo rai a ɓace. Ya ce allura ta maƙale a tsakiya kamar an riƙe ta da hannu. Na yi ƙoƙari na ɓoye murnata. Kwana biyu yana gaishe ni da gajeriyar gaisuwa, ni kuwa barcina ya dawo.

Mamansu ta ce, "Ni fa abin da ban gane ba, ƙanena bai yi maka gardama ba. Tun da nake da shi ban taɓa jin an ce masa sama ya yarda ba ƙasa ba ce."

"Girma ne ya fara kama shi."

"To," in ji ta. Ta ci gaba da ninke kaya.

Saura abu ɗaya. Auta ya aro rigar fata irin wadda ake sakawa daga wuya har idon sawu, ya rataye ta a ɗaki. Na shafa ta, na ji babu komai a ciki sai wasu 'yan tauraran abubuwa a gwiwa da kafaɗa. A nan dai ba wanda zai gaya mini. Na ɗebo soso mai kauri daga shago, irin na kujerar ofis, na yanka shi daidai baya, da ƙirji, da cinyoyi, da mazaunai, na cusa. Da ya saka, hannuwansa suka ƙi sauka. Ya tsaya a tsakar gida kamar an hura shi da famfo. Mamansu ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Shi kuma, Allah ya yi masa albarka, bai cire ba.

Ranar tseren ta ce ba za ta je ba, zuciyarta ba za ta ɗauka ba, mu kira ta in an gama. Mu uku muka tafi a a-kori-kura, Tsohuwa a ɗaure a baya.

Filin ba yadda na zata ba ne. Na yi tsammanin doguwar hanya da ba a ganin ƙarshenta. Sai na tarar da wata siririyar kwalta da ta nannaɗe kamar hanjin kaza, kwana bayan kwana, an jera tsofaffin tayoyi a gefe. Miƙaƙƙen wuri ɗaya ne, a gaban 'yan kallo, shi ma bai fi tsawon layinmu ba. Hankalina ya ɗan kwanta. Mahayan kuma, da yawa sun girme ni. Masu furfura, masu tumbi, wani ma sai da aka riƙe masa babur kafin ya ɗaga ƙafa ya hau.

Mai duba babura ya zagaya Tsohuwa, ya matsa birki, ya taɓa wayar noci, ya gyaɗa kai. Sai ya dubi Auta.

"Samari, ɗaga hannu."

Auta ya ɗaga iya inda ya iya.

"Juya kai." Ya danna masa ƙirji da yatsa, yatsan ya nutse. "Me ke cikin nan?"

Na matso. "Soso ne, mai kyau. Ba ya lotsewa."

"Baba, tsere zai yi ko barci? Wanda bai iya motsi ba shi ke faɗuwa. A cire."

A gaban jama'a aka riƙa zaro sosona ɗaya bayan ɗaya. Kawun yara ya ɗauki na mazaunai ya miƙo mini. "Riƙe wannan, Yaya, bencin kallo da tauri."

Na samu wuri a bakin shinge, kusa da wani dattijo mai sanda wanda ƙafarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa. Ban tambaye shi dalili ba, don ba na son in ji. Babura suka jeru. Auta na can layin baya, tun da sabon shiga ne. Ƙara ta cika wurin har ina jin ta a haƙorana. Na shiga karanto duk addu'ar da na sani.

Aka sauke tuta.

Ban ga tashin sauran ba, don idona na kan ɗana. Tsohuwa ta zabura kamar an ɗana mata wuta, tayar gaba har ta ɗan bar ƙasa. Kafin su kai kwanar farko ta ratsa ta tsakiyar babura kamar allura a ƙyalle. Da yawa cikin waɗanda ke gabansa sun koma bayansa.

Na riƙe shinge. "Kai! Kai! Ba haka muka yi ba!"

Dattijon ya kai bakinsa kunnena. "Naka ne mai jan tankin?"

"Ɗana ne! An ce an rage mata gudu!"

Ya ƙura ido lokacin da suka zagayo. Sai ya fashe da dariya yana buga sanda a ƙasa. "Dubi farantin bayansa! Wa ya ba shi wannan shawara? Wannan ya san filin nan."

"Kamar yaya?"

"Malam, ina wurin ƙure maleji a nan? Kafin ka kai giyar ƙarshe, kwana ta zo. Nan ba gudu ake nema ba, tashi ake nema. Wanda ya fita daga kwana da ƙarfi shi ke gaba. Duk samarin da ke zuwa da ƙaramin faranti suke zuwa, sai su yi ta lalube kamar mai hawa tudu da kaya. Ga shi da sabuwar taya, ga birki. Dubi inda yake kamawa, sai ya zo bakin kwana!"

Na duba. Haka ne. Sauran su fara rage wuta tun daga nesa, shi sai ya matso sannan ya dafe birkin da na saya, ya kwantar da babur a kan tayoyin da na saya, gwiwarsa na neman shafar ƙasa, ya fito farantin da na zaɓa ya harba shi gaba. Duk abin da na kafa don in ja shi baya, shi ke tura shi. Na yi wa kaina sakiyar da ba ruwa.

Na fara ihu. Da farko abin da nake cewa shi ne, "A hankali! A hankali!" Ban san lokacin da maganar ta juya ba. Dattijon ne ya ce mini daga baya wai har tsalle na yi a kan benci, da soso a hannu ina kaɗawa.

Tsere ya yi nisa, saura mutum biyu a gabansa. A wata matsattsiyar kwana, na biyun ya shiga da wuta fiye da kima. Tayar bayansa ta zame, babur ya kwanta, mutum ya bi kwalta da baya yana juyawa, kuma daidai hanyar Auta. Na ga gaban Tsohuwa ya nutse, ta rage gudu kamar an kama ta da igiya, ta karkata ta wuce ta gefensa. Tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba. Mutumin ya gangara cikin tayoyin gefe, ya ɗan kwanta, sannan ya miƙe yana kakkaɓe jiki, ya ɗaga wa jama'a hannu. Sai a lokacin na zauna.

Dattijon ya dafa kafaɗata. "Da tsohon birki ne, da yanzu wani zance ake."

Saura mutum ɗaya, wani mai baƙin babur. A kwanoni Auta ya cim masa, har ya wuce shi. A miƙaƙƙen wuri kuma Tsohuwa ta yi ta ihu, gudunta ya ƙare, mai baƙin ya dawo ya karɓe. Haka suka yi ta yi, karɓa-karɓa. A zagayen ƙarshe suka doso kwanar ƙarshe kafaɗa da kafaɗa, Auta ta ciki. Wurin ba zai ɗauki babur biyu ba. Ko ni mai katifa na ga haka. In ya cusa kai zai iya fita a gaba, zai kuma iya kwashe su duka biyun.

Na ga ya ɗago kai, ya saki totur, ya bar mutumin ya shige. Ya biyo bayansa suka tsallake layi.

"Kash," in ji wani a bayana. "Ya ba da ita."

Dattijon ya ce, "Ya ba da ita, ya ajiye ƙashinsa. Wannan zai daɗe yana hawa." Ya dubi ƙafarsa.

Da na isa inda suka tsaya, mutane sun kewaye Tsohuwa, wasu a tsugune suna ƙirga haƙoran farantin da yatsa. Mai baƙin babur ya cire hular kwano, ashe furfura ce fal kansa. Ya rungume Auta, sannan ya ce, "Wa ya haɗa maka giyar nan?"

Kawun yara ya nuna ni da sifana. "Ga injiniyan nan. Mu 'yan aike ne."

Suka yo kaina da musabaha. Wani ya tambaye ni ra'ayina a kan kafiretarsa. Na ce masa sai na duba. Na kama hannun kawun na ja shi bayan a-kori-kura.

"Kai, ka ce mini yana rage gudu."

"Ya rage, Yaya. Ba ka ga yadda ake wuce shi a miƙe ba? Gudu ka tambaya. Ba ka tambayi tashi ba."

"Ka san haka za a yi!"

"Na ce amma, ka ce babu amma. Ni kuwa na gaji da roƙon yaron nan ya sa babban, ya ƙi, wai shi maleji. Sai ga ka Allah ya jefo ka, har da kyautar birki da taya. In ce me? Abin nema ya samu."

Na nemi abin da zan jefe shi da shi, babu komai a hannuna sai soso.

Auta ya zo, gashinsa jiƙe da gumi, da robar ruwa a hannu. Na karɓa na buɗe masa. Ya sha, ya tsuguna a gabana kamar yadda yake yi tun yana ƙarami.

"Baba, ka yi haƙuri da fushin da na yi. Kai ne da gaskiya."

Kawun ya yi tari. Na harare shi.

Na ce, "A kwanar ƙarshe, me ya sa ka saki?"

"Babu wuri. Kuma mutumin a haife ya haife ni."

Na shafa kansa, na duba gwiwoyinsa, na juya tafin hannunsa. Ko ƙwarzane babu. Tsoron bai tafi ba, kuma na san ba zai tafi ba. Amma duk tsawon kwanakin nan babur nake ta ƙoƙarin ɗaurewa, ban taɓa tsayawa na ga yadda mai hawan yake ba, sai yau.

"Akwai wani tseren bayan wata biyu," Auta ya ce a hankali, idonsa a ƙasa. "Sai in ka ce to."

Na dubi Tsohuwa, na dubi ɗana.

"To," na ce. "Amma kafin nan kullum in na rufe shago zan zo gareji. Za ku nuna mini kowane noci da abin da yake yi. Kuma duk wanda ya ce amma, sai ya ƙarasa."

Kawun ya ɗaga hannu sama. "Shi ke nan, na yi sabon yaron gareji. Yaya, da wankin sarƙa ake farawa."

Wayata ta yi ƙara. Maman yara ce.

"Maigida, yaya? Lafiyarsa ƙalau?"

"Ƙalau. Ga shi nan yana shan ruwa."

Na ji ta sauke ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi. Na nawa ya zo?"

"Na biyu."

"Daga baya?"

"Daga gaba."

Sai dariya ta ƙwace mata. Da ta lafa ta ce, "To kai me ya samu muryarka? Ta dishe kamar wanda ya yini yana talla."

Na dubi Auta da kawunsa. Su biyun sun zuba mini ido, suna jira.

Na ce, "Hayaƙin salansa ne. Ki ɗora mana ruwan zafi, ga mu nan."